Dafin da Ya Kwana a Ruwa

Abu na farko da na gani a ƙasar Beljik, in ka ɗebe sanyi, shi ne wani mutum ya gutsuri burodi sau biyu ya jefa sauran a kwandon shara. A tashar jirgin ƙasa ne, ina zaune a kan akwatina ina jiran jirgin da zai kai ni garin jami'ar. Sai da na miƙe tsaye. Wallahi saura kaɗan in bi shi in ce, «Malam, ka yar da abu.» Na koma na zauna ina kallon kwandon nan har jirgi ya zo. Da na san wannan hali nawa ne zai kusa kashe ni a ƙasar, da tun a wurin na yi masa faɗa.

Sunana Rabi. Shekara tara na yi ina koyar da ilimin halittu a lise, wato babbar sakandare, ta Tasawa kafin in samu bursu, tallafin ƙaro karatu. Asalina wani ƙauye ne a bayan Kanan-Bakashe, kuma can na kai ƴata Balki, mai shekara shida, na damƙa wa Inna mahaifiyata, don mahaifin yarinyar ya riga ya rasu. Daminar shekarar ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Kowa ya san abin da ke tafe, ni ma na sani, amma na tafi. Na gaya wa kaina cewa shekara uku ce, zan dawo da abin da zai riƙe mu duka. Wannan magana ita na riƙa tauna duk lokacin da fuskar yarinyar ta faɗo mini a rai.

Ɗakin da na kama tun daga gida, a hoto yana da taga babba da labule. Da na iso sai mai gidan ya gangara da ni ƙarƙashin ƙasa, ya nuna mini wani kurkuku mai ƴar taga a sama wadda ƙafafun masu wucewa kawai ake gani ta cikinta. Na ce ba wannan na gani ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce wancan an riga ni. Baƙo ko da ido makaho ne, ban san inda zan kai ƙara ba, na ajiye akwati. Wata takwas na yi ina sanin yanayin gari ta takalman mutane.

Kashegari na je labo, wato ɗakin binciken da aka tura ni. Shugaban wurin wani dogon dattijo ne mai saurin magana, kowa Farfesa yake ce masa. Ya ja ni gaban allo ya zana mini aikin a cikin minti goma, ni kuwa na yi wata guda kafin ya zauna mini. Ga shi a taƙaice. Kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana da ƴan murahu a cikinta, ana ce musu mitokondiriya, a nan take ƙona abinci ta samu ƙarfi. A bangon murhun akwai furotin jere, suna miƙa wa juna wuta hannu da hannu. Bitamin E da kowa ya sani mai kashe tartsatsi ne, yana kare ƙwayar. Amma in aka liƙa masa wata ƴar wutsiya ta wani sinadari, sai ya sauya hali. Ya shiga murhun, ya zauna a mazaunin da ba nasa ba a jikin furotin na biyu, wuta ta rasa hannun da zai karɓe ta, tartsatsi ya watsu, bango ya huje, ƙwayar ta naɗe kayanta ta mutu. Ƙwayoyi masu lafiya sun iya yanke wutsiyar su mai da shi bitamin. Ƙwayoyin ciwon daji ba su iya ba sosai. Aikina shi ne in zuba wa ƙwayoyin daji wannan magani, in nuna cewa ta furotin na biyu mutuwar take shigowa.

Sai ya buɗe firigo, wato firiji, ya ɗauko wata ƴar kwalba da ba ta kai babban yatsa ba, da farin gari a gindinta. Ya ce wani abokinsa ne ya haɗa shi da hannu, wata da watanni, kuma babu wani a ƙasa. «Madam Rabi, ki riƙe shi kamar idonki,» in ji shi. Bai san wa yake gaya wa ba.

Ni ƴar yunwa ce. Ina da shekara bakwai aka yi babbar yunwar nan ta zamanin mulkin soja na farko, wadda ta ci ƙannena biyu. A gidanmu in an gama cin tuwo, ana ɗauraye kwanon a sha ruwan. Inna ta taɓa marina don na karkaɗe tsabar gero daga zanena a tsakar gida, ta sa na tsuguna na tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Kullum maganarta ita ce ragowa ba shara ba ce. To ga ni a wurin da ake sa safar hannu sau ɗaya a yar, a taɓa bututu sau ɗaya a yar, a ci rabin tuffa a yar.

Yadda ake aikin, ana narkar da garin, a gauraya shi da wani jan ruwa da ƙwayoyin ke rayuwa a ciki, wanda akwai ruwan jinin maraƙi a cikinsa, sannan a zuba musu. Takardar ƙa'ida ta ce a haɗa sabo kowace rana, abin da ya rage a zubar. Na karanta, na gane sarai. Na ce a raina, wannan ma almubazzarancinsu ne, kamar burodin tasha. Makon farko na bi takarda don idon Farfesa na kaina. Na leƙa mikroskop na ga abin da ban taɓa gani ba. Akwai wani rini da ake sa wa murahun, in suna da rai su yi ja kamar garwashi. Waɗanda na ba magani, garwashinsu ya dushe, ƙwayoyin sun takure, sun yi ƙuraje, sun saki gindin faranti suna yawo a ruwa. Farfesa ya buga tebur ya ce hannuna na da kyau.

Ranar da na fara zuwa zubar da ragowa ni kaɗai, hannuna ya ƙi. Na tsaya gaban kwatami da bututun, na ga jan ruwan nan mai ɗauke da garin da aka ce in riƙe kamar ido, na kasa. Na samo kwalba mai murfi, na juye, na rubuta sunana, na tura can ƙuryar firigo. Daga nan duk ragowa cikinta take shiga. Da ta taru sai na daina taɓa garin Farfesa, na riƙa ɗiba daga kwalbata. In ta yi ƙasa, in haɗa na mako guda gaba ɗaya in ƙara a kai. Har alfahari nake yi a ɓoye, ina cewa ranar da nasu ya ƙare za su san an kawo ƴar Inna.

Mutum ɗaya ne ya gan ni. Tiyeri sunansa, ɗan ƙasar, ɗalibi kamar ni, tebur ɗaya muke. Yaro ne mai fara'a, shi ya koya mini inda ake sayen katin bas. Ya tarar da ni ina juye ragowa, ya tambayi mene ne, na gaya masa. Ya yi murmushi ya ce, «Kai, dabara ce mai kyau. Mu nan ɓarna ta yi mana yawa.» Na ji daɗi har cikin raina.

Daga mako na uku ƙwayoyin suka fara taurin kai. Rabi su mutu, rabi su ƙi. Kafin ƙarshen shekara sun daina mutuwa sam. In zuba magani, in dawo kashegari, in tarar da garwashi ja wur, ƙwayoyi sun yi ɓul-ɓul sun cika faranti kamar an yi musu kiwo. Na sauya faranti, na sauya ƙwayoyi, na ninka awo. Babu abin da ban zarga ba sai kwalbar nan, don a wurina ita ce abu ɗaya da na yi daidai a duk ƙasar. Ni da na taso ina roƙon Allah ya raya, sai ga ni ina bismilla a kan mikroskop ina roƙon ya kashe.

A cikin wannan hali hunturunsu ya sauko, na ga abin da ake kira sanyi. Takalman da na zo da su daga kasuwar Tasawa suka jiƙe suka buɗe baki. Akwai wata tsohuwa mai wanke kwalabe a labo, Madam Jozet, gajera mai tari, ba ta cika magana ba. Wata safiya na tarar da jaka a kan kujerata, da takalma masu gashi a ciki da babbar riga. Na bi ta ɗakin wanki ina godiya, ta ce ba ta san zancen ba, ta ci gaba da wankinta. Daga ranar kullum da rana sai ta turo mini rabin miyarta, ta ce ta yi mata yawa. Ta lura ba na barin komai a kwano.

Ana tsakiyar rani a gida sojoji suka karɓi mulki a Yamai. A rediyon mai shagon da nake buga waya na ji. Ban ma tsaya tunanin ƙasa ba, Allah ya yafe mini, don kafin mako biyu wasiƙa ta iso cewa masu ba da bursu sun dakatar da hulɗa da Nijar sai abin da hali ya yi. Katin zamana zai ƙare ƙarshen watan Yuni, kuma ba a sabunta shi sai da sa hannun wanda zai ɗauki nauyina. Farfesa ya kira mu ni da Tiyeri ofis. Ya ce yana da gurbi ɗaya tak na kansa, mu kuwa mu biyu ne. Wanda aikinsa ya tsaya da ƙafafunsa kafin ƙarshen Yuni, shi zai zauna. Bai dube ni ba da yake faɗa.

Ya yi mini adalci ɗaya, ko in ce ya ƙarasa ni. Ya ce Tiyeri ya maimaita gwajina da ƙwayoyina da garin nan dai. Tiyeri ya haɗa nasa sabo, ya zuba, kashegari suka mutu kamar an sa musu wuta. Farfesa ya tsaya a kaina.

«Gari lafiya lau, ƙwayoyi lafiya lau. Madam Rabi, kina bin takarda kuwa?»

«Ina bi, Farfesa.»

Ban ɗauka ƙarya nake yi ba. Awo nake bi, ko ɗigo ban taɓa kuskurewa ba. Tiyeri na tsaye a gefe yana goge gilashin idonsa.

Abin da ya biyo baya ina jin kunyar rubuta shi. Wata ranar Juma'a Madam Jozet tana share firigo ta ciro kwalbata, ta ga ta daɗe, ta nufi kwatami da ita. Na hango ta daga bakin ƙofa. Zuciya ta ɗebe ni, na fizge kwalbar, na ɗaga murya a gaban kowa. Na ce ku mutanen nan ba ku san darajar komai ba, ba ku taɓa kwana da yunwa ba, aikinki wanki ne, ki tsaya a wankinki. Takalmanta ne a ƙafata lokacin da nake wannan magana. Ta dube ni, ta dubi takalman, ta juya ta tafi. Miya ta ɗauke daga ranar, kuma ni na jawo.

Watan Afrilu da Mayu ban san yadda zan kwatanta su ba. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Na rame har zobena ya riƙa zamewa. In ina tafiya a titi sai in ji ina lissafa abin da zan ce wa mutanen Tasawa in na sauka hannu rabbana, an riga an ba wani ajina. Wannan ma da sauƙi. Abin da ke cin raina shi ne Balki. Na bar yarinya marainiya a shekarar yunwa, kuma zan koma in ce mata ba don komai ba ne. Har na fara tunanin ko baki ne ya kama ni, ni da nake koya wa yara cewa kowane abu da dalilinsa. Na wanke hannu da addu'o'in da na sani, na tofa a safar hannu. Ƙwayoyin suka ƙara ƙiba.

Waya kuwa sai ranar kasuwar Kanan-Bakashe, lokacin da ƙanena Sani yake kawo Inna da Balki inda wayar salula ke kamawa. Ni ce ƴar fari, Inna ba ta faɗin sunana, «ke» take ce mini. Kuma ba ta taɓa cewa babu. Kullum lahiya lau, hatsi akwai saura, kar in sa komai a rai. Ina jin labarin yunwa a rediyo, ina jin an ce garuruwa sun watse maza sun gangara kudu, amma na zaɓi in yarda da ita don ba ni da ƙarfin ƙin yarda.

Saura mako uku katina ya ƙare, na fita da azahar na je shagon waya. Sani ya buɗe muryar salula don su ji ni su duka. Muka gaisa da Inna, ta ce lahiya lau. Sai Balki ta kutso.

«Mama, dilo muke ci yanzu.»

Wanda bai san dilo ba, ƴaƴan anza ne, wani ɗan itacen daji mai ɗaci da dafi, ba a waiwayarsa sai rumbu ya zama fanko. Na ci shi ina shekara bakwai. Na san abin da ake nufi in an ce gida ya koma kansa.

«Ke, rufa mana baki,» in ji Inna.

«Kuma na yi amai, Mama. Na ɗebo cikin tukunya na ci, cikina ya yi ta murɗa.»

«Inna, mi ya same ta?» na ce.

«Babu komi, ta warke. Rashin haƙuri ne irin naki. Dilon kwana guda ta ɗiba, wanda anka jiƙa jiya. Ke kin manta? Sabon jiƙo shi ka kashe mutum. Amma in ya kwana ukku, huɗu cikin ruwa, ƙarhinshi hita yake, ko jinjiri ya ci. Babu dahin da ka jure kwana cikin ruwa.»

Ban san lokacin da abin ya faru ba. Kwalbar nan ce ta tsaya a gaban idona, ja, a ƙuryar firigo, wata da watanni tana kwana. Ruwan jinin maraƙi. Abin da ke yanke wutsiya a jikin ƙwaya mai lafiya, ai akwai irinsa a jini. Kullum ina barci yana yanka. Ashe ba dafi nake ba ƙwayoyin daji ba, bitamin nake ɗura musu safe da yamma, shi ya sa suke sheƙi. Duk wannan ya zo mini cikin ƙiftawar ido, sai na ji bakina ya buɗe da ƙarfi, har mai shago ya waiwayo.

«Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi!»

Daga can ɓangaren ina jin hayaniyar kasuwa, da kukan wani jaki. Sai muryar Inna, a hankali.

«To. Madalla.»

Na ce, Inna tsaya, ba haka ba ne, bari in gaya miki. Sani ya ce caji ya kusa ƙarewa. Layi ya yanke.

Ya kamata in zauna a wurin in yi kuka. Gudu na yi. Na isa labo ina haki, na jera faranti kashi uku: na farko na haɗa musu sabon magani daga garin Farfesa a take, na biyu na ba su na kwalbata, na uku ban ba su komai ba. Kashegari da hantsi na leƙa. Na kwalba ja wur, har sun fi waɗanda ba a ba komai ba kyan gani. Na sabon haɗi kuwa garwashi ya mutu, ƙwayoyi sun takure suna yawo. Na maimaita sau uku a cikin mako. Sannan na kawo ƙwayoyin da aka lalata musu furotin na biyu, waɗanda su ne ainihin tambayar, na ba su sabon haɗi. Suka ƙi mutuwa, don maganin bai samu mazauni ba. Abin da aka aiko ni nema ke nan, wata takwas yana bakin hancina.

Na ɗauki kwalbar da hotunan na shiga ofishin Farfesa, na faɗi komai ban rage ba. Ya yi ja har kunnuwa. Ya ce na ɓata wata shida da rabin garinsa don in adana abin da bai kai kofin shayi ba. Ya tambaye ni dalili. Na buɗe baki in ba shi labarin Inna da tsabar gero, sai na ga ba zai shiga Faransanci ba, na ce kuskure ne kawai. Ya aika da ɗan ruwan kwalbar wa abokinsa ya auna. Amsa ta dawo cewa mafi yawansa ya zama bitamin E tsurarsa. Ba hanya ɗaya ba ce da ta dilo, shi dilo ruwa ne ke jan ɗacinsa, wannan kuwa yanke shi ake yi, amma maganar Inna ta tsaya.

Tiyeri na tare shi a matakala. Na ce, ka sani tun ranar farko. Ya ce shi ba malamina ba ne, kuma kowa takarda ɗaya aka ba shi. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Ban ƙara kula shi ba har ya bar labo ɗin.

Sauran kwalbar na kai wa Madam Jozet ɗakin wanki. Na ce mata ta yi gaskiya, ni ce jaka, ta yafe mini. Na miƙa mata na ce ta zubar. Ta goge hannu a riga ta ce, «A'a. Ke za ki zubar.» Ta tsaya a bayana. Na karkata kwalbar a bakin mazubin, ina kallon jan ruwan yana tafiya, ina jin marin Inna a kumatuna. Da ta ƙare tsohuwar ta karɓi kwalbar ta jefa cikin ruwan wanki. Da rana rabin miya ya dawo teburina.

Saura kwana huɗu Farfesa ya sa hannu. Bai yi mini murmushi ba, ya ce dai wanda ya gano kuskurensa da kansa ya kawo shi ofis da ƙafarsa, ana iya aiki da shi. Na fito da takardar na zauna a matakala ina dubanta. Wata da watanni ina kuka a kanta, sai yanzu na karanta abin da take cewa: shekara uku nan gaba ba zan koma gida ba.

Ranar kasuwa ta zagayo na kira. Na yi wa Inna bayani iyakar iyawata, da murhu da wutsiya da kwalba. Ta saurara har na gama.

«To ke mutuwa kika tahi nema can? Mu nan muna gudunta?»

«Ta ciwon daji ce, Inna.»

«Sun mutu?»

«Sun mutu.»

«To barka. Zamna ki gama abin da ya kai ki. Mu mun saba.»

Na ce a ba ni Balki. Na ji Sani yana lallashinta, na ji Inna ta ce ke zo mana, uwarki ce. Ba ta zo ba. Sani ya ce wai ta tafi kallon awaki.

Allah ya sa duka suka ga bayan wannan shekara. Na aika abin da na iya, damina ta gaba ta yi kyau, na gama, na dawo da digirina da sunana a jikin aikin. Balki ta girma a hannuna daga shekara tara, yarinya mai hankali, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Sai da ta kai ajin ƙarshe a lise, muna tsince shinkafa a tsakar gida a Tasawa, na tambaye ta ko tana tuna lokacin da nake waje. Ta ce kaɗan. Na ce kamar me. Ba ta ɗago kai daga faifai ba ta ce, «Na ce miki muna cin dilo, na ce miki na yi amai, kika ce alhamdu lillahi.»

Na ajiye faifai na ɗauko takarda. Na zana mata mitokondiriya, da furotin na biyu, da bitamin da wutsiyarsa, da inda ake yanke ta. Ilimin halittu take karantawa, ta fi ni saurin ganewa, har ta gyara mini wata kibiya da na zana a karkace. Ta ce ta fahimta, Mama, babu komai. Na yi mata wannan bayani ya fi sau goma tun daga ranar, kuma kullum ta fahimta.

Amma har yau, ko atishawa na yi na ce alhamdu lillahi, in tana kusa sai ta ɗago kai ta dube ni.